Daga Olajuwon zuwa Giannis: Yadda NBA ke auna matasa kafin zaɓe, da inda ma'aunin ke kuskure

A ranar 19 ga Yuni, 1984, a birnin New York, sabon kwamishinan gasar ƙwallon kwando ta Amurka, David Stern, ya hau dandamali ya kira sunan wani matashi haifaffen Legas a matsayin ɗan wasa na farko da aka zaɓa a shekarar. Ƙungiyar Houston Rockets ce ta ɗauki Akeem Olajuwon, wanda daga baya ya gyara rubutun sunansa zuwa Hakeem. Portland Trail Blazers, wadda ta zo ta biyu, ta ɗauki wani dogo mai suna Sam Bowie. Sai Chicago Bulls ta ɗauki na uku, wato Michael Jordan.

Fiye da shekara 40 ke nan ana waiwayar wannan dare. Ba a cika zargin Houston ba, domin Olajuwon ya kawo mata kofi har sau biyu, a 1994 da 1995. Portland kuwa har yau ana yi mata gori, saboda raunin ƙafa ya cinye ƙuruciyar Bowie, yayin da Jordan ya ci kofi shida. Mutanen da suka yanke waɗannan hukunce-hukunce uku ƙwararru ne, sun kalli wasanni iri ɗaya, sun karanta alƙaluma iri ɗaya. Abin da ya raba su shi ne yadda kowannensu ya jera matasan nan a kan takarda, da abin da ya ba muhimmanci wajen jerin.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Duk sana'ar tantance matasan 'yan wasa a kan wannan zato aka gina ta. Tarihin NBA kuma ya nuna cewa Larabar takan yi yaudara.

Yadda zaɓen yake

Ba kamar ƙwallon ƙafa ta Turai ba, inda mai kuɗi ke sayen duk matashin da ya ga dama, a NBA rabo ake yi. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar, kuma kowace shekara a ƙarshen watan Yuni ana zagaye biyu na zaɓe, gurbi 60 ke nan idan ba a ƙwace wa wata ƙungiya nata ba a matsayin hukunci. Ƙa'idar ita ce ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ce za ta fara zaɓa, domin kada ƙarfi ya taru a wuri guda.

Wannan ƙa'ida ta buɗe ƙofar maguɗi. A 1984 ɗin, tsabar kuɗi aka jefa tsakanin Houston da Portland domin a san wadda za ta fara, kuma an yi ta raɗe-raɗin cewa Houston da gangan ta riƙa faɗuwa wasanni don ta kai ga wannan dama. Shi ya sa a 1985 aka shigo da ƙuri'a. A tsarin da aka fara aiki da shi a 2019, ƙungiyoyi 14 da suka kasa kaiwa wasannin neman kofi ne ke shiga. Ana zuba ƙananan ƙwallaye 14 masu lamba a cikin na'ura, a fito da huɗu-huɗu, a fitar da gurabe huɗu na farko. Ƙungiyoyi ukun da suka fi rauni kowace na da damar kashi 14 cikin 100 kacal ta samun gurbin farko.

Tun daga zaɓen 2006, dole ɗan wasa ya cika shekara 19 a cikin shekarar da za a zaɓe shi, kuma idan a Amurka ya yi sakandare, sai ya shekara ɗaya da gamawa. Ma'anar haka ita ce mafi yawan waɗanda ake rububi a kansu shekara ɗaya kawai suka yi a jami'a, wasanni talatin da 'yan kai. Da wannan ɗan abin za a yi hasashen rayuwar wasa ta shekara goma ko fiye.

Kuɗin da ke ciki ba kaɗan ba ne. Duk wanda aka ɗauka a zagayen farko yana da tabbacin albashin shekara biyu, ƙungiya kuma na da zaɓin riƙe shi na wasu biyu, bisa farashin da aka ƙayyade gwargwadon gurbinsa. Victor Wembanyama na Faransa, wanda San Antonio Spurs ta ɗauka na farko a 2023, ya karɓi fiye da dala miliyan 12 a shekararsa ta farko. Wanda ya zame zuwa zagaye na biyu ba shi da wannan tabbaci. Ga shugaban ƙungiya kuma, zaɓe ɗaya na iya zama sanadin ɗaukakarsa ko sallamarsa daga aiki.

Abin da tef ke iya aunawa

Kowane watan Mayu ana tara matasan a birnin Chicago domin gwaji. Ana auna tsawonsu ba takalmi, da nauyinsu, da inda hannunsu ke kaiwa idan suka miƙa shi sama a tsaye. Ana auna tsawon gaba, wato daga yatsan hannun dama zuwa na hagu idan mutum ya ware hannuwansa, kamar yadda ake auna igiya a kasuwa. Masu tantancewa na ba wannan awo daraja fiye da tsawon jiki, domin da hannu ake tare jifa, da shi ake ƙwace ƙwallo, kuma kwandon yana rataye ne a tsawon ƙafa 10. Gabar Wembanyama ta kai kusan ƙafa 8. Bayan awo sai tsalle, da gudu, da saurin juyawa, sannan likitoci su duba ƙashi da gwiwa da zuciya, daga nan ƙungiyoyi su zauna da matashin su yi masa tambayoyi.

Daɗin waɗannan alƙaluma shi ne ba su da gardama, kuma nan ne haɗarinsu yake. A gwajin 2007, Kevin Durant ya kasa ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 84 ko sau ɗaya, aka yi ta cewa ya yi siriri da yawa. A shekarar, Portland ce kuma ke da gurbin farko, sai ta ɗauki ƙaƙƙarfan dogon nan Greg Oden ta bar Durant. Tiyatar gwiwa ta hana Oden buga kakar farko gaba ɗaya, kuma wasa 105 kawai ya buga a duk rayuwarsa ta NBA. Durant ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi zura maki a tarihin gasar. A 2009, Memphis ta ɗauki Hasheem Thabeet na Tanzaniya, mai tsawon ƙafa 7 da inci 3, a gurbi na biyu. Stephen Curry, wanda ake ganin ƙaramin jiki gare shi, sai a na bakwai aka kira shi.

Alƙaluman wasannin jami'a ma sai an fassara su. A can minti 40 ake bugawa, a NBA 48. Layin jifan maki uku ya fi nisa a NBA, kaka kuma wasa 82 ce. Saboda haka masu nazari suka koyi neman alamomin da ke bin ɗan wasa duk inda ya je. Mafi girma a cikinsu ita ce shekaru: ɗan shekara 19 da ke gogayya da 'yan 22 ya fi ɗan 22 da ke fin 'yan 19 alamar makoma. Wata kuma ita ce jifan kyauta, wanda ake ba ɗan wasa idan an yi masa ƙeta. Da yake babu mai tare shi, shi ne ke nuna ainihin saitin hannu, kuma an lura ya fi jifan maki uku na jami'a nuna wanda zai iya jifa daga nesa nan gaba. Yawan ƙwace ƙwallo da tare jifa kuma kan nuna saurin fahimtar wasa.

Buƙata ko cancanta

Bayan an tattara bayanai, kowace ƙungiya takan rubuta jerinta na sirri. Da yawa sukan kasa matasan rukuni-rukuni: waɗanda ake sa ran za su ɗauki ƙungiya a kafaɗarsu, waɗanda za su zama 'yan wasan farko, da waɗanda za su taimaka daga benci. Dokar da aka fi yarda da ita ita ce a duba buƙatar ƙungiya ne kawai idan mutum biyu suna rukuni ɗaya.

Darasin 1984 ne ya kafa wannan doka. Portland tana da Clyde Drexler, wanda ta ɗauka shekara guda kafin nan, yana buga wuri ɗaya da Jordan, ga kuma Jim Paxson. Abin da ta rasa shi ne dogo a ƙarƙashin kwando, sai ta ɗauki Bowie duk da ta san tsagewar ƙashin ƙwauri ta hana shi wasa kaka biyu a Jami'ar Kentucky. Houston kuwa ta riga ta mallaki dogo, Ralph Sampson, wanda ta ɗauka na farko a 1983, amma hakan bai hana ta ƙara Olajuwon ba, tunda shi ne a saman jerinta.

Rahoton likita ma ba ya yanke magana. Kwanaki kaɗan kafin zaɓen 2014, aka yi wa Joel Embiid na Kamaru tiyata a ƙafa. Philadelphia ta ɗauke shi a gurbi na uku, ya yi kaka biyu cur bai taka fili ba, sannan ya zama gwarzon ɗan wasan gasar a 2023. Irin kasadar da ta kayar da Portland sau biyu ita ce ta biya Philadelphia.

Kama da wane ba ta wane

Labarin 'yan Legas biyu ya nuna wani tarkon daban. Olajuwon bai taso da ƙwallon kwando ba. Gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, kuma gasar farko da ya shiga ta ƙwallon kwando a Sakkwato aka yi ta, a wani bikin wasanni na kwalejojin horar da malamai, lokacin yana ɗalibi a Legas. A 1980 ya isa Jami'ar Houston bai ƙware ba. Cikin shekara huɗu ya zama wanda kowa ke so. Saurin ƙafar da ya samo daga tsaron raga ya zama makaminsa a ƙarƙashin kwando.

Shekara 14 bayan zaɓensa, sai ga wani. Michael Olowokandi haifaffen Legas ne da ya girma a Landan, tsawonsa ƙafa 7, shi ma ya fara wasan a makare. Ya tafi wata ƙaramar jami'a a California, Jami'ar Pacific, kuma a shekararsa ta ƙarshe yana zura maki 22 a kowane wasa. Kamannin a fili suke. Los Angeles Clippers ta ɗauke shi na farko a 1998. Ya shekara tara a gasar, matsakaicin makinsa bai wuce takwas da ɗoriya ba. A bayansa a wannan zaɓe aka kira Vince Carter a na biyar, Dirk Nowitzki na Jamus a na tara, da Paul Pierce a na goma.

Kwatanta sabon ɗan wasa da tsohon gwani hanya ce mai sauƙi ta bayyana shi, amma takan rufe ido. Daryl Morey, wanda ya jagoranci sashen 'yan wasa na Houston tun daga 2007 kuma ya yi suna wajen amfani da lissafi, ya gano haka a cikin ofishinsa. Marubuci Michael Lewis ya ba da labarin a littafinsa na 2016, The Undoing Project: lissafin kwamfuta ya yaba wa Marc Gasol na Sifaniya, amma ma'aikata suka laƙaba masa sunan ba'a saboda ƙibarsa, sunan kuma ya rinjayi lissafin. Gasol ya zame zuwa gurbi na 48 a 2007, daga baya ya zama gwarzon mai tsaron baya na gasar. Morey ya haramta laƙabi a ofishin, ya kuma hana ma'aikatansa kwatanta ɗan wasa da wani mai launin fata irin nasa.

Waɗanda ma'auni ya tsallake

Zaɓen 2013 shi ne misalin da ya fi shafar 'yan Najeriya. Cleveland ta ɗauki Anthony Bennett na farko, wanda bai kai ko'ina ba. A can gurbi na 15 Milwaukee Bucks ta kira wani siririn yaro ɗan shekara 18, Giannis Antetokounmpo, wato Adetokunbo a asalin Yarbanci. Iyayensa 'yan Najeriya ne da suka yi ƙaura zuwa Girka. A unguwar Sepolia ta birnin Athens ya taso yana tallar kaya a titi, kuma sai 'yan makonni kafin zaɓen ya sami takardar zama ɗan ƙasa. A rukuni na biyu na gasar Girka yake wasa, a ƙananan ɗakuna, da abokan karawar da ba za a iya auna shi da su ba.

Babu tef ɗin da zai nuna cewa zai ƙara tsawon inci biyu bayan an ɗauke shi, ko kuma cewa zai riƙa kwana a kan atisaye yana ƙaruwa kowace kaka. Ya zama gwarzon gasar a 2019 da 2020, ya kuma zura maki 50 a wasan da ya ba Milwaukee kofi a 2021. Shekara guda bayan zaɓensa, Denver ta ɗauki Nikola Jokic na Sabiya a gurbi na 41, a daidai lokacin da talabijin ke nuna tallar abinci. An raina shi saboda jikinsa da rashin tsalle. Ya zama gwarzon gasar sau uku, a 2021 da 2022 da 2024.

Mutumin Zariya

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna wajen hango irin waɗannan matasa a Zariya ya girma. An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa 'yar Kenya, aka dawo da shi Zariya tun yana ƙarami. A can ya koyi wasan, da taimakon wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, wanda ya daɗe yana horar da matasa a garin. Bayan karatu a Amurka da 'yan shekarun wasa a Turai, a 2002 ya fara yi wa Orlando Magic aikin farautar 'yan wasa ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiye-tafiyensa da kansa. Denver ta ɗauke shi aiki, a 2010 ya zama shugaban sashen 'yan wasanta, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon jami'in gudanarwa na gasar, sannan ya koma Toronto Raptors, inda ya zauna har 2025.

Zaɓukansa a Toronto sun nuna yadda ake cin riba daga abin da ke tsoratar da wasu. A 2016 ya ɗauki Pascal Siakam na Kamaru a gurbi na 27. Siakam ya kai shekara 22, daga jami'ar da ba ta yi fice ba ya fito, kuma lissafin shekaru bai goyi bayansa ba. Sai dai ya yi ƙuruciyarsa ne a makarantar horar da limaman Katolika, bai fara wasan da gaske ba sai yana kusan 17. Idan aka ƙirga shekarunsa na wasa maimakon na haihuwa, saurin ci gabansa abin mamaki ne. A shekarar kuma Toronto ta ɗauki Fred VanVleet, wanda aka gama zaɓen ba a kira sunansa ba. A 2017 ta ɗauki OG Anunoby, haifaffen Landan ɗan asalin Najeriya, a gurbi na 23, bayan raunin gwiwa ya sa wasu ƙungiyoyi sun ja da baya. Dukansu uku suna cikin tawagar da ta ci wa Toronto kofinta na farko a 2019, tare da Marc Gasol ɗin nan da aka taɓa yi wa laƙabi.

Shi ma Ujiri bai tsira daga kuskure ba. A 2014 ya ɗauki Bruno Caboclo na Birazil a gurbi na 20, wani dogo mai doguwar gaba da kusan babu wanda ya san shi. Caboclo bai taɓa samun gindin zama a Toronto ba. Siffa irin ta Giannis ce, sakamakon ya sha bamban, kuma Jokic na nan ba a ɗauka ba a lokacin da aka kira sunansa.

Afirka a kan jerin

Babbar matsalar matashin da ke Afirka ita ce ƙarancin shaida. Mai tantancewa yana son ya ga yaro sau da yawa, yana karawa da tsaransa nagartattu, da takardar haihuwa da ba a shakkarta, da rahoton likita. Inda babu waɗannan, ko dai a tsallake shi, ko a ɗauke shi bisa tsawo kawai. Shi ya sa yawancin 'yan asalin Najeriya ta jami'o'in Amurka suke bi. A zaɓen 2020 an ɗauki aƙalla takwas daga cikinsu, ciki har da Isaac Okoro a na biyar da Onyeka Okongwu a na shida, da biyu da aka haifa a gida: Precious Achiuwa na Fatakwal a na 20 da Udoka Azubuike na Legas a na 27.

An fara cike giɓin. Gidauniyar Giants of Africa, wadda Ujiri ya kafa a 2003, tana shirya sansanonin horo da gina filaye. NBA ta buɗe makarantar horar da matasa a garin Saly na ƙasar Sanagal, a 2021 kuma aka fara gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL a Kigali, inda Rivers Hoopers ta wakilci Najeriya. A 2024 Ulrich Chomche na Kamaru ya zama na farko da aka zaɓa kai tsaye daga makarantar Saly, a gurbi na 57, kuma Toronto ce ta karɓe shi. A 2025 aka kira Khaman Maluach na Sudan ta Kudu, wanda ya bi ta Saly da BAL da Jami'ar Duke, a gurbi na goma.

Duk da kyamarori da kwamfutoci da likitoci, abin da ke raba Olajuwon da Olowokandi, ko Giannis da Caboclo, har yanzu shi ne mafi wuyar aunawa: yadda matashi ke karɓar gyara, yadda jikinsa zai jure wasa 82, da irin kocin da ƙungiyar da zai faɗa hannunsu. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka san aikinsu ba su tsaya ga tambayar inda yaro yake a yau ba. Sukan tambayi inda yake shekara biyu da suka wuce, su auna tazarar da ya ci, su kira tsofaffin masu horar da shi da abokan wasansa, sannan su rubuta sunansa a jeri suna sane cewa sai bayan shekara huɗu ko biyar za a san wanda ya yi daidai.